Rajistar da ke gabanki ce farkon bincike: amsa ga wata majo a Maraɗi

Wata majo, wato shugabar ma'aikata, da ke riƙe da CSI, cibiyar lafiya ta matakin farko, a nan jihar Maraɗi ta aiko da tambaya. Ta ce tana da ma'aikatan jinya da ungozomomi a ƙarƙashinta, tana so su riƙa shiga binciken lafiya, amma duk sanda ta ɗauko maganar sai su ce ai wannan aikin manyan likitoci ne da mutanen poroje, su ba su da lokaci, kuma ba su ga abin da zai ƙara musu ba. Ta yaya za ta shawo kansu?

Majo, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Kafin komai zan ce miki mutanenki ba ƙarya suka yi ba, sun faɗi abin da idonsu ya gani ne. Ni ma na faɗi irin wannan magana lokacin da nake gardi a ɗakin yara. Wata shekara wasu masu bincike suka sauka a inda nake aiki da mota da kwalayen takardu, suka koya mana cika fam a yini biyu, muka yi makonni muna cikawa a kan aikinmu na kullum. Aka ba mu kuɗin zama, aka kwashe takardu, mota ta tashi. Har yau ban san abin da suka gano ba. Wata uwa da na yi wa tambayoyi ta tare ni a kasuwa bayan watanni ta ce, "Likita, ina labarin abin nan da kuka rubuta?" Na rasa bakin magana. In wannan ne binciken da ma'aikaci ya sani, to duk daɗin bakinki ba zai motsa shi ba, don an mai da shi ɗan aike ne, kuma ba wanda ke marmarin ƙarin aike bayan ya kwana tsaye.

Abin da ya juya ni daga baya shi ne ranar da aka tambaye ni abin da ke damuna a aikina, aka kuma taimake ni na nemo amsarsa da hannuna. A kan wannan zan gina duk abin da zan gaya miki.

Amma fara nuna musu cewa abin ba na nesa ba ne. Mu a Maraɗi muna zaune a kan ɗaya daga cikin wuraren da aka fi yin binciken lafiyar yara a yankin Sahel, da yawanmu kuma ba mu sani ba. Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, yana da cibiya a garin nan tun 2009. A gundumar Madarunfa aka gwada rigakafin rotabirus, ƙwayar cutar da ke sa yara zawo, mai suna Rotasiil, wanda Serum Institute na Indiya ke yi, mai jure zafi, abin da duk wanda ya taɓa fama da firij mara wuta a ƙauye ya san darajarsa. Ana ɗiga wa jariri a baki sau 3, a mako na 6 da na 10 da na 14. Cikin jarirai 3,508 da aka yi lissafi a kansu, 31 ne suka yi zawo mai tsanani na rotabirus a ɓangaren da ya samu rigakafin, 87 a ɓangaren da bai samu ba. Wato ya kare kusan kashi 67 cikin 100. Sakamakon ya fito a 2017, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Ki tambaye su: wa ya ɗiga rigakafin nan? Wa ya duba yaron da ya zo da zawo, ya ƙirga sau nawa ya yi, ya tsunkuli fatar cikinsa, ya ɗauki kashin ya kai awo? Wa ya bi gida gida yana tambayar uwa? Ma'aikatan jinya ne da mataimakansu, ƴaƴan nan yankin, masu jin Hausar da uwa ke ji. Da ɗayansu ya yi sakaci da alƙalami, da lissafin ya rushe.

A Madarunfa ɗin dai, lokacin annobar sanƙarau ta 2017, an raba ƙauyuka 49 aka gwada ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta siprofulokzasin sau ɗaya. Inda aka ba duk mutanen ƙauye, kamuwa ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100, inda kuwa aka ba mutanen gidan mara lafiya kawai, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. A Mirriya, can Damagaram, ƙungiyoyin lafiya na ALIMA da BEFEN sun nuna cewa uwa, ko ba ta yi lakwal ba, tana iya awon damtsen ɗanta da igiyar nan mai kore da rawaya da ja, ta gane tamowa da wuri. Wannan igiyar da kuke raba wa mata yau, daga bincike ta fito.

Akwai ɗaya da nake so ki ba su labarinsa a tsanake, don shi ne ke koyar da hali. Tsakanin 2012 da 2013 an ɗauki yara sama da 2,400 masu tamowa mai tsanani amma ba tare da wata cuta a kai ba, a cibiyoyin lafiya 4 na Madarunfa. Rabi aka ba su amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana 7 kamar yadda ƙa'ida ta ce, rabi aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Kowa yana zaton masu shan maganin za su fi warkewa nesa ba kusa ba. Da aka lissafa, kashi 66 cikin 100 na masu shan maganin ne suka warke, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 63, tazarar da ba ta isa a ce maganin ne ya kawo ta ba, ko da yake masu shansa sun ɗan fi tsira daga a kai su kwanciya asibiti. A Malawi kuwa, wani binciken da ya fito a 2013 ya ga amfanin maganin kashe ƙwayoyin cuta a fili. Gaskiya biyu ke nan daga ƙasa biyu, har yanzu masana na kai da komo a kai. Darasin ga ma'aikaci shi ne abin da muke yi kullum da hannu biyu yana iya zama abin tambaya, kuma sakamakon bincike guda bai ba kowa izinin canza ƙa'idar ma'aikatar lafiya a ɗakinsa ba. Ki jaddada musu wannan na biyun.

To, yanzu aikinki. Kada ki kira taro ki ce za a yi maganar bincike, za ki ga kowa ya tuna yana da uzuri. A taronku na ƙarshen wata, bayan an gama haɗa rahoto, ki tambaye su abin da ya fi ba su haushi a watan. Za ki sha mamaki. Ungozoma za ta ce mata suna zuwa awon ciki na farko sai cikin ya tsufa, kuma ba sa kai awo na 4. Mai CRENAS, sashen da ake ba yara masu tamowa abinci su tafi da shi gida, zai ce yara suna ɓacewa a mako na uku. Mai allura zai ce ana zuwa ta farko, ba a dawowa ta ƙyanda a wata 9. Wani zai ce ba ya jin iyaye suna ba da maganin rigakafin masassara na rana ta biyu da ta uku bayan an bar musu shi a gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙorafe-ƙorafe tambayar bincike ce da ba a yi mata wanka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, babu farfesan da zai zo daga Yamai ko Faransa ya san waɗannan fiye da su.

Bari in nuna miki yadda ake yi mata wankan. Wata abokiyar aikina a wani CSI na karkara ta dame mu da cewa matan ƙauye ba su damu da ƴaƴansu ba, da yaro ya ɗan farfaɗo sai su daina zuwa karɓar abincin tamowa. Na ce mu duba. Muka ɗauko katunan shekara guda daga kwali, wasu gara ta taɓa su, muka zauna a kan tabarma bayan la'asar. Muka ja layi a takarda: ƙauyen yaro, watan da ya shiga, ranar mako da aka ba shi, makon da ya daina zuwa, nauyinsa na ƙarshe. Muka fara da yarjejeniya a kan me ake nufi da ya ɓace, don ita tana ƙirga wanda ya tsallake mako ɗaya, ni kuma wanda ya tsallake biyu a jere, kuma da ba mu daidaita wannan ba da kowa ya samu nasa lissafi. Da muka gama, sai ga abin ya taru a wuri biyu: ƙauyukan da ke ƙetaren gulbi a watannin ruwa, da matan da ranar karɓarsu ta faɗa ranar kasuwar yankin. Ta yi shiru tana kallon takardar, can ta ce, "Ashe ni ce na sa musu ranar." Muka je wajen majo aka sauya rana, aka roƙi gunduma a ba na ƙetare na mako biyu a lokacin da ruwa ya cika. Tun daga nan ba ta ƙara cewa mata ba su damu ba, kuma ita ce ta zo da tambaya ta gaba ba wanda ya aike ta. Ba a buga wannan a wata mujalla ba, ba a kashe ko dala ba in ban da kuɗin shayi, amma duk gaɓoɓin bincike suna ciki: tambaya, ma'ana guda da aka yarda da ita, ƙirga, da canjin aiki.

A lakwal an koya mana Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinyar nan ta Ingila, da fitilarta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta zauna ta lissafa mace-macen sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya da ta tafi a 1854, ta nuna cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kisa. Lissafi gadonmu ne, mun dai bar shi.

Da zarar sun fara ƙirga, za su gano da kansu cewa rajistarku tana da ramuka, kuma nan ne za ki ci riba ta farko. Wanda ya taɓa neman shekarun yaro a rajista ya tarar da fili, ba sai an yi masa faɗa ba gobe. Ki gwada wannan wasan: ki kawo yaro ɗaya, mutum uku su auna damtsensa kowa a ɓoye, su rubuta. In ɗaya ya ce milimita 113, wani ya ce 117, to ɗaya ya sa yaron a ja, ɗaya a rawaya, tunda iyakar tana 115, kuma makomar yaron ta bambanta. Daga nan za a koma kan hannun hagu, tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, igiya ba matse ba sako-sako. Haka sikeli, a mai da shi sifiri da safe da roba ko wandon awo a rataye, a gwada shi da abin da aka san nauyinsa. Haka kumburi, babban yatsa a kan ƙafa biyu daƙiƙa 3.

Sai babban zunubi, wanda dole ki faɗe shi da sunansa: cika gurbi da ka. Ƙarshen wata ya zo, ba a auna zafin jiki ba, sai a rubuta 37 a wuce. A bincike fili ya fi ƙarya sau dubu, don fili ana ganinsa a yi hattara da shi, ƙarya kuwa tana shiga lissafi ta zauna daram. A gwajin magani na gaske ba a yarda da bulanko, farin ruwan shafe rubutu, ba ma. In ka yi kuskure sai ka ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na farko, ka rubuta daidai a gefe, ka sa harufan sunanka da kwanan wata. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne, daga baya na ga kariya ce gare ni. Kuma ke majo, in kina tsawa duk sanda aka kawo miki adadi mara daɗi, ki sani kina koya musu gyaran adadi ne.

Maganar lokaci gaskiya ce, kuma ba a magance ta da baki. Kada ki soma komai daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da masassara da tamowa ke haɗuwa, yara biyu uku a gado ɗaya, ga kamfen na rigakafin masassara kowane wata. Wanda ya kawo maganar bincike a agajeri ya nemi baƙin jini. Ki bari sai sanyi ya shigo, Disamba zuwa Fabrairu, kafin zafi da sanƙarau. Ki rubuta a jadawalin aiki cewa wance tana da yammacin Laraba don aikin rajista, wani ya riƙe mata wuri. In ba a rubuce yake ba, to a kan barcinta da ƴaƴanta za ta yi shi, kuma ba za ta yi sau biyu ba. Yawancin mutanenki mata ne masu gida, horon da ke buƙatar mako biyu a Yamai yana buƙatar magana da maigida da mai riƙon yara, ki sanar da wuri.

Kuɗi kuwa, kada ki yi alkawarin abin da ba ki da shi. Mun lalata kanmu da kuɗin zama har ya kai wasu ba sa zuwa koyon abin da zai amfane su sai da ambulan ɗin kuɗi. In poroje ya zo da aiki na ƙari, hakkinsu ne a biya su, ki tsaya musu a kan haka. Amma ga tambayar da ta fito daga bakinsu, ladan da ya fi ɗorewa shi ne suna. Wanda ya yi aikin shi zai tsaya ya gabatar a taron gunduma gaban babban likita, ba ke ba. Ki zauna a baya ki bar ta ta yi rawar murya, ta biyu ba za ta yi ba.

Haka za ki yi da masu zuwa daga waje, ko ƙungiya ko ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu neman bayanan kammala karatu. Ki karɓe su hannu biyu, suna da abin da ba ku da shi, wato sanin tsara bincike da lissafi, ku kuma kuna da abin da ba su da shi. Amma tun ranar farko a yi magana: a nuna takardar izini, a zauna da ma'aikata a bayyana musu tambayar ba fam kawai ba, a faɗi ranar da za a dawo da sakamako, a kuma faɗi wa zai shiga jerin marubuta. Ƙa'idar mujallun likitanci ita ce wanda ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsarawa ko tattara bayanai, ya kuma karanta rubutun ya gyara ya amince da shi, ya cancanci suna. Don haka ki nemi a ba mutanenki damar karantawa da gyarawa, kada a hana su sannan a ce ba su cika sharaɗi ba. In rubutun da Ingilishi ne, a zauna a fassara musu.

Yanzu abin da ya fi komai nauyi. Mu maƙwabtan Kano ne, kuma mutanenmu ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a tsakiyar annobar sanƙarau, a gwajin da ya haɗa yara kusan 200, kusan rabinsu aka ba shi. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. In uba ya ce miki "ba za a yi gwaji da ɗana ba", yana da tarihi a bayansa. Kuma ma'aikacin jinya ne ke tsaye a daidai wannan ƙofa, don shi ke neman yarda.

Neman yarda ya wuce dangwala yatsa. Ka zauna ƙasa daidai da uwa, ka ce mata wannan bincike ne, ba a san amsar ba shi ya sa ake yi. Ka ce ƙuri'a ce za ta raba yaran, ni kaina ban san wanda ɗanki zai samu ba. Ka ce wasu za su sha abin da ya yi kama da maganin amma babu magani a ciki. Ka ce in kin ƙi, za a duba ɗanki yau da gobe kamar kowa, in kin yarda kuma kina iya fita duk ranar da kika so. Sannan ka ce ta maimaita maka da bakinta abin da ta ji. Sau da yawa za ta ce, "Duk abin da kuka gani, likita." Wannan ba yarda ba ce, kunya ce da girmamawa, sai ka sake daga farko. In ta ce sai ta tambayi maigida, ka bar ta ta je, ko da adadin ranar bai cika ba. In ba ta karatu, a samu shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba. Yardar mai gari da liman tana buɗe ƙauye, amma ba ta maye gurbin ta uwar. Ma'aikacin da ya ƙware a wannan, za ki ga har bayanin magani na yau da kullum ya gyaru a bakinsa.

Ki shata musu iyaka kuma. Duba tsofaffin rajista don gyara aikinku abu ne da za ki yi da sanin babban likitan gunduma, ba tare da sunan kowa ya fita ba, lamba ake sa wa. Amma duk abin da za a yi wa mutane tambayoyi, ko a ɗebi jini, ko a buga a waje, sai ya bi ta hukumar lafiya ta jiha da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya a Yamai. Ba wanda zai ce bari in ba rabin marasa lafiyata wannan ganyen ko wannan allurar in gani. Hoton mara lafiya ko shafin rajista a WhatsApp shi ma haramun ne, ko da niyya mai kyau.

In kin ga wanda abin ya kama shi, akwai hanyoyin ci gaba. The Global Health Network na jami'ar Okusfod yana da darussa kyauta a intanet kan ƙa'idojin gwajin magani, har da Faransanci, ana samun takardar shaida, kuma masu ɗaukar ma'aikatan bincike suna tambayarta. KoboToolbox yana aiki a wayar hannu ko babu rezo, sai an samu a tura. Akwai shirin SORT IT da sashen binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya ke jagoranta, wanda aka yi musamman don ma'aikatan fili su ɗauki bayanan aikinsu su kai su har bugawa. Sai dai ki shirya zuciyarki: wanda kika horar da kyau, wata rana poroje zai ɗauke shi da albashin da ba za ki iya ba. Ya faru da ni, ni ma haka na bar wani majo. Maganinsa kawai kada ilmin ya tsaya a kan mutum ɗaya, duk aiki a sa biyu.

Kada kuma ki sa ran kowa. A cikin ma'aikata goma wataƙila biyu ne za su so, sauran ki bar su da aikinsu, mai kyakkyawan hannu a allura ba dole ya zama mai son lissafi ba. Ki fara da biyun nan da tambaya ɗaya da za a iya gamawa cikin wata uku. In an gama, ki zana sakamakon a babbar takarda ki manna a bangon ɗakin jira, ki tara wakilan lafiya na ƙauyuka da matan da ke layin awo, wadda ta yi aikin ta tashi ta gaya musu da Hausa abin da aka gano a katunan ƴaƴansu da abin da za a canza daga mako mai zuwa.